Zanen Amarya a Kan Sandar Tuta

Tun da kun nace sai na ba ku labarin bikin Shewanti, to ku gyara zama, amma kada wanda ya ce in faɗi sunan maigidana. Mu matan yankin Konkan ba ma kiran sunan miji, kun sani. Sunan gidansu dai Tandel, da shi kowa ke kiransa, kuma wannan sunan ne ya cuce mu. Tandel a wurinmu shugaban masu jirgin ruwa ke nan. Wani kakan kakansa ne ya yi sana'ar, shi kuwa nawa a masaƙa yake aiki a Mumbai, in zare ya tsinke ya ƙulla. Iyakar haɗinsa da teku shi ne wata shekara da aka yi yajin aiki, ya samu ɗan aikin shafa wa wani jirgi fenti. Jirgin ma an jawo shi kan tudu ne, ko ɗigon ruwa babu a ƙarƙashinsa. Daga wannan fenti mutum ya zama masanin teku. In hadari ya haɗo sai ya leƙa taga ya ce mu mutanen ruwa tun jiya muka san da zuwansa. In na soya kifi sai ya gaya mini zurfin da aka kamo shi.

Shewanti 'yar ƙanwarsa Kaweri ce, suna can ƙauyenmu Ambewadi a bakin teku. Yarinya ta samu wanda take so, wani malamin makaranta mai sanyin hali. Batji mai ɗaura aure ya duba taurarinsa ya ce a ɗaura daidai faɗuwar rana, lokacin da shanu ke dawowa gida, in kuwa rana ta nutse ba a ɗaura ba to sai bayan damina. Amarya kuma ba ta fitowa sai cikin rawayan zanen da kawunta na wajen uwa ya kawo mata, shi ne kuma zai riƙo hannunta ya kai ta gaban ango. Kawu ɗaya gare ta a duniya, baiwar Allah.

Zan faɗi gaskiyarsa, zane dai ya sayo na gani na faɗa. Siliki ne, yadi tara, bakinsa da zaren zinariya. Wata da watanni bai sha shayin waje ba saboda shi. Yarinyar nan a kafaɗarsa ta girma kafin mu dawo birni, yana son ta kamar ransa.

Dangi duk suka bi mota tun da sauran kwanaki. Na ce mu bi su. Ya ce Tandel ba ya shiga garin ubansa da ƙura a gashi. Shi jirgin ruwa zai hau, Tsohuwa, wadda za ta isa Ambewadi da yammacin ranar bikin. Zai tsaya a goshin jirgi da farar hula, zane a kan hannuwansa biyu, gari kaf a bakin ruwa, makaɗa na kiɗa. Har hular ya sayo a kasuwar gwanjo, mai tambarin anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a gaba, ta yi masa yawa sai da na cusa mata jarida. Na ce in aka makara fa? Ya ce mace ba ta san teku ba.

Ku da kuka taso da mota ba ku san Tsohuwa ba. Haka kowa ke kiran jirgin, don ta girmi uwata. Fenti kan fenti ne ke riƙe da ita, tana tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu, in ta yi jiniya kuma sai ta biyo da tari. Amma muna son abarmu. Masu ɗaki suna can sama, mu a fili muke zama kan katako, kuma dokar filin ɗaya ce. Ana buɗe ƙofa 'yan dako su ruga da zanen gadonka, inda suka shimfiɗa nan ne gidanka har ka sauka. Ba mai takawa, ba mai matsarwa, ko kyaftin ne sai ya kewaye. In ka ɗaga da hannunka kuwa, ka saki wuri.

Da sassafe muna bakin ruwa, wani ɗan dako ya miƙo hannu a ba shi zanen gado. Maigidana ya kalle shi sama da ƙasa ya ce shi da ya san jirgi ciki da bai ba zai bari wani ya zaɓa masa wuri ba. Ya saɓa zanen gado a kafaɗa, ya danna ƙunshin zanen amarya a hammata don ya rantse ba zai rabu da shi ba, ya tattare farin dotinsa, zanen da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu, ya shiga sahun 'yan dako yana ɗan tsalle-tsalle. Aka buɗe ƙofa. Na hango farar hula tana yawo a tsakiyar kawuna, ta ɓace, ta sake fitowa a karkace, daga nan ban ƙara ganinta ba. A kan tsani na tsinci takalminsa ƙafa ɗaya.

Na hau da kwanukan abinci da kwando ina haki, na yi ta dube-dube har can bayan jirgi. Ga shi nan tsaye, ya harɗe hannu, ya turo ƙirji. A gabansa kuwa, shimfiɗe a kan katakon da dubban ƙafafu suka taka, yadi tara na rawayan siliki ne daga wannan gefe har wancan.

Bai ko ji kunya ba. Wai zanen gado ya zame a kan tsani, wurare na ƙarewa, mutumin ruwa kuwa dole ya yanke shawara nan take. Wai in dubi faɗin wurin, duk jirgin nan wa ya kai mu? Kuma ko mutum ɗaya bai yi masa gardama ba, don sun ga hula.

Zanen gadonmu bai yi nisa ba. Yana can inuwa ƙarƙashin kwalekwalen ceto, Tulsabai ta baje a kai da kwandunanta. Tulsa maƙwabciyarmu ce a Mumbai, 'yar ƙauyenmu, busasshen kifi take sayarwa, ita ma bikin za ta. Muryarta in ta yi ciniki a kasuwa muna jin farashin daga gida. Ya taka ya same ta.

"Tulsa, zanen gadonmu ne wannan."

"Na gane shi, Tandel, ga ƙunar dutsen guga nan ta bara. Zane naku, wuri nawa. Sa hannu ka ɗaga, in tara maka jama'a su ga mai karya doka."

Ya ce zai kai ƙara wurin kyaftin, amininsa ne na ƙut da ƙut. Ta ce to yaya sunan kyaftin ɗin? Ya ce su mutanen ruwa ba sa kiran sunan kyaftin.

"Au, kai ma matarsa ce?"

Har masu ɗaki sai da suka leƙo don jin abin da ake wa dariya.

Na ja shi gefe na ce ya naɗe zanen yarinya, ni na yarda in tsaya da ƙafata har Ambewadi. Ya nuna mini wasu mutane da haɓa, miji da mata da 'ya'ya tuli da akuya, sun rasa wuri, sun tsaya suna kallon silikin nan kamar masu jiran a sauke tukunya. Ya ce yana ɗagawa za su faɗa, shi kuwa Tandel ba ya tsayuwa a jirgi kamar baƙo. Aka yi sulhu ba mai zama a kai. Shi ya tsuguna a wancan baki, ni a wannan, muka danne kusurwoyi da kwanukan abinci. Wuri mafi girma a jirgi, ga masu shi a tsugune.

Sai Tsohuwa ta yi jiniya. Na ga mutanen kusa da mu duk sun ja mayafi sun rufe kai, ban gane ba sai da ta yi tarin. Ashe daidai bayan bututun hayaƙi muke. Baƙin gari ya sauko mana buɗu-buɗu, a ido, a baki, a kan zane. Wani tsoho mai cin goro da ganye ya ce tun yana yaro yake hawan jirgin nan, bai taɓa ganin an ajiye komai a wurin ba sai buhunan gawayi.

Maigidana ya ce kada in taɓa, baƙin jirgi ba irin na murhu ba ne, hurawa ake yi. Ya durƙusa ya yi ta hurawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Da abin ya ƙi, ya cire hula ya goga. Ɗigo-ɗigo suka zama layi-layi, hula ta zama ta mai gawayi. Ya buɗe kwanon abincinmu ya ɗauko lemon tsami ya matse a kai, wai haka suke yi a manyan jirage. Tulsa daga inuwa ta ce ya ƙara gishiri da barkono, in an isa sai a ci da shinkafa.

Daga nan ya yanke cewa sai wanki. Ya hango wani bokiti cike da ruwa kusa da kwandunan wani fasinja, ya suri zane ya nufe shi. Ai kuwa ko taku biyu bai yi ba mutanen nan da 'ya'yansu suka zube a wurin, uwar har ta fara raba musu gurasa. Ya juyo zai yi magana, ta nuna masa katako, ba zane ba doka. Ya tsoma zane da hannu cikin bokiti har gwiwar hannu. Ƙaguwoyi ne a ciki, masu rai, mutumin zai kai wa surukansa. Ɗaya ta kama babban yatsansa ta ƙi saki. Ya yi rawar da ban taɓa sanin ya iya ba, ya zagaye bututu da ita a hannu, mai ƙaguwa na bin sa yana cewa a yi a hankali kada a karya mata ƙafa. Kafin a raba su akuya ta samu bakin zane ta cinye tuntu ɗaya.

Muna fita daga bakin gari, teku ta fara aikinta. Tsohuwa ta hau, ta sauka, ta kwanta gefe, ta tashi. Jarirai ma barci suke yi. Masanin teku ne ya fara canza launi, ya lallaɓa ya kama ƙarfen gefe ya leƙa ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Tulsa ta tambaye shi lafiya. Ya ɗago da ido jajir ya ce fenti yake dubawa, wanda ya yi musu aikin nan bai iya ba. Ta ce to ya ci gaba, ga shi yana ƙara musu shafe na biyu.

Ni dai na karɓe zane. Na samu famfo a bayan ɗakin girki, na fito da sabulun da ke cikin kwandona, na wanke shi a hankali yadi bayan yadi ina zagi a zuci. Baƙi ya fita, sai ɗan abin da ba a rasa ba, shi ma in an yi naɗi zai ɓuya a ciki. Raina ya ɗan kwanta. Tulsa, duk da bakinta, ta matsa mini a kan zanen gadona, muka ci shinkafa da miyar kwakwa, na ninke jiƙaƙƙen zanen a cinyata ina tunanin yadda zai bushe. Rana ta take, iska na kaɗawa, cikina ya cika. Barci ya sace ni.

Tafin yara ne ya tashe ni. Na duba cinyata, wayam. Na bi inda yaran ke nunawa da ido, can ƙololuwar sandar tuta ta bayan jirgi, ga zanen Shewanti ya miƙe a iska tsawonsa duka, zinariya na walƙiya a rana. Maigidana na zaune a gindin sandar, fuska kore-kore, amma murmushi har kunne. Ya ce kafin in ƙifta ido ya bushe, kuma kada in ji tsoron iska, ya yi masa ƙullin mutanen ruwa. Ƙarya yake, ƙullin masaƙa ne, wanda yake yi wa zare tun yana saurayi. Duk duniya abu ɗaya da ya iya ke nan, kuma ƙullinsa ba ya kwancewa.

Na so in yi faɗa, amma abin ya yi kyau, na kuma taɓa ganin ana shanya a wuraren da suka fi nan muni. Tulsa na ta minshari ta rufe fuska. Ma'aikata sun shige cin abinci, kyaftin yana can gaba yana kallon gaba. Ba wanda ya ce mana komai har itatuwan kwakwar Ambewadi suka bayyana.

Garinmu ba shi da wurin da babban jirgi zai tsaya. A nesa yake sakin anga, kwalekwale su zo su kwashi mutane. Tsohuwa ta saki anga da ƙara, ta juya gindinta wajen gari. Bakin ruwa ya cika maƙil, muna jin ganguna. Kwalekwale suka taso a jere, na gaba ɗauke da Kaweri da baƙar laimarta, ta kasa haƙuri ta zo tarbar yayanta. Maigidana ya kakkaɓe baƙar hularsa ya ɗora. Sai muka ga masu tuƙi sun tsaya cak, suna nuna sama suna magana da juna.

Ƙarar anga ta tashi Tulsa. Ta yaye mayafi, ta yi hamma, ta ɗaga kai. Hammar ba ta ƙarasa ba.

"Wane ɗan banza ne ya ɗaga tutar annoba?"

Nan na ji abin da duk ɗan masunci a gaɓar nan ya sha a nono. Rawayan ƙyalle a kan jirgi ma'anarsa kwalara ta shiga, kada kowa ya matso. Kakanninsu sun ga garuruwan da ta share, ba sa wasa da ita. Mu kuwa ba ƙyalle muka ɗaga ba, yadi tara muka ɗaga, har da ado.

Maigidana ya ce a bar shi da su, yaransa ne, zai yi musu bayani. Ya je bakin ƙarfe, ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Abin da ya fito ba bayani ba ne. Mai tuƙin Kaweri ya haɗa hannu a baki ya tambaya tun yaushe abin ya kama shi.

"Tun safe! Ba komai ba ne, ba ni kaɗai ba, rabin jirgin nan suna yi!"

Ban taɓa ganin kwalekwale ya juya da sauri haka ba. A bakin ruwa ganguna suka yi shiru, muka hango mutane na kwasar yara suna hawa tudu.

Kyaftin ya sauko, wani gajeren tsoho ɗan Goa, da ƙwayar shinkafa a gashin baki. Ya kalli sama, ya kalli kwalekwalen da ke gudu, ya tambaya aikin wane ne. Tulsa ta ce ga amininka nan. Kyaftin ya dubi maigidana tun daga baƙar hula har ƙafar da ba takalmi, ya faɗi wasu kalmomi da yarensu waɗanda ba sai an fassara ba. Sannan ya ce shi ba zai jira ba, ruwa na janyewa, ko kwalekwale su dawo yanzu ko 'yan Ambewadi su sauka a Goa gobe.

Na dubi rana, ta riga ta yi ja ta sunkuyo. Na tuna Shewanti zaune a ɗaki, jiki duk kurkum, tana sauraren ƙofa. Dariyar da ke cina tun safe ta tafi, tsoro ya kama ni sosai.

Ma'aikata suka ja igiya, zane ya ƙi sauka, ƙulli ya cije a can sama. Ɗaya ya hau sandar, ya sa farce, ya sa haƙori, ya sa ƙusa. Maigidana daga ƙasa, a wannan halin, har yana cewa ai ya faɗa musu ba ya kwancewa. Kyaftin ya ce a yanke. Aka yanke. Iska ta fizge zanen daga hannun mutumin, ya tashi ya wuce kawunanmu, ya haye ƙarfe, ya sauka a kan ruwa a buɗe. Muna kallo launinsa ya fara duhu, gefe ɗaya ya fara nutsewa.

Maigidana ya matsa bakin ƙarfe. Ya cire hula ya miƙo mini. Ya kama ƙarfe ya hau da ƙyar. Ba zan ce ya yi tsalle ba, faɗawa ya yi kamar buhun shinkafa. Mutumin nan da moɗa yake wanka, ko a rafin garinmu iyakarsa idon sawu. Ruwa ya rufe a kansa, na ga kumfa kawai.

"Digambar!"

Ni ce na kira sunansa. Da bakina, a gaban kyaftin da ma'aikata da masu ɗaki da akuya. Tulsa ta ce ko ita ba ta taɓa kai murya nan ba. Wata tsohuwa ta rufe bakinta da hannu, ni kuwa ko a jikina, na sake kira.

Ya ɓullo, ya naɗe zane a hannu ɗaya, bakinsa kuma ya cije da haƙori, yana dukan ruwa da ɗayan hannun. Wani ma'aikaci ya jefa masa zoben ceto, ya same shi daidai tsakar ka, ya sake nutsewa. Ya sake ɓullowa, zane na nan a bakinsa.

Ashe kiran nan ya haye ruwa har kunnen Kaweri. Ta miƙe tsaye cikin kwalekwale, ta dubi rawayan abin da ke yawo a ruwa, ta haɗa biyu da biyu, ta naɗe laima ta fara sauke wa mai tuƙi a gadon baya.

"Juya! Ba annoba ba ce, yayana ne!"

Mutumin ya ce shi bai ga bambanci ba, amma ya juya. Suka iso, ya miƙa ƙugiyar da suke jawo manyan kifi, ya saƙalo doti ya ja. Doti ya zo, mai shi bai zo ba. Sai da suka kama shi ta kunne da gashi suka jefo shi ciki kamar uwa ta haife shi, doti kuwa ya suɓuce daga ƙugiya ya kama hanyar Goa. Kaweri ta runtse ido, ta laluba, abin da hannunta ya samu shi ta naɗa masa. Ba wani ƙyalle a kwalekwalen sai zanen amarya.

Da sauran masu tuƙi suka ga tuta ta sauka, Kaweri kuma ba ta faɗi ta mutu ba, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Muka sauka ta tsanin igiya, ni da Tulsa da kwandunanta, muka bi bayansu. Saboda haka a kan idona aka yi saukar da ya yi wata uku yana shiryawa. Kunya ta sa ya ja bakin zane ya rufe kai da fuska. Mutanen gari sun fara saukowa daga tudu, suka hango Kaweri ta riƙo hannun wata cikin rawayan siliki mai zinariya, kai a sunkuye, tana tafiya tana harɗewa. Makaɗa suka ɗauka amarya ce ta fita tarbar kawunta, suka saki kiɗan fitowar amarya. Mata suka fara watsa furanni. Wata gwaggon ango da ba ta gani sosai ta matso tana sa albarka, ta ɗaga mayafi don ta ga kyan fuska, ta ci karo da gashin baki yana ɗigar ruwa.

Mutane har kwanciya suka yi a yashi. Mai babbar ganga ya yi dariya har ya faɗa kan gangarsa. Tulsa ta bari sai da aka lafa, ta zaro zanen gadonmu daga kwando, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Na sauka, Tandel, wuri ya tashi. Ga kayanku."

Aka kai shi bayan wani kifaffen kwalekwale aka yi musaya. Rana ta kai kan itatuwan kwakwa. Mata suka ruga da zane gidan biki, suka matse, huɗu suka kama kusurwoyi suna kaɗa shi a kan wutar girki. Ya sha iska amma bai bushe ba, ga warin hayaƙi, ga na ƙaguwa, ga gurbin tuntun da akuya ta ci. Uwar ango ta sa yatsa biyu ta ɗaga bakinsa ta ce ita surukarta ba za ta shigo mata gida cikin abin da aka rataya a sanda, aka tsoma a teku, namiji kuma ya ɗaura ba. A aro wani. Kaweri ta ce na aro ba na kawu ba ne. Batji yana ta leƙen rana yana cewa ku dai yi ku gama. Maigidana na tsaye a bakin ƙofa cikin zanen gado yana rawar sanyi, kansa a ƙasa, ya kasa kallon kowa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Sai muryar Shewanti ta fito daga bayan labule, a hankali, tana magana da uwar ango.

"Inna, kawuna bai iya ruwa ba. Duk garin nan an sani, shi ma ya sani. Ya shiga. Ku miƙo mini zanena."

Uwar ango ta saki bakin zanen. Aka naɗa wa yarinya zanenta da danshinsa, aka ɓoye layin baƙi a cikin naɗi. Kawunta ya riƙo hannunta ya fito da ita, ƙafa ba takalmi, ƙunar dutsen guga a tsakiyar bayansa, hawaye na bin gashin bakinsa. Gefen rana na taɓa ruwa aka watsa musu shinkafa. Can nesa Tsohuwa ta yi jiniya, ta biyo da tarinta.

Kuna tsammani ya yi hankali? Kafin a gama raba abinci na jiyo shi a cikin maza yana cewa da gangan ya ɗaga zanen don gari ya san kawun amarya ya iso, kuma a ƙarƙashin ruwa ya yi ido huɗu da wani kifi mai girman saniya, kifin ne ya kauce. Tulsa ta ce ƙwarai, ya ga ba doti.

Da ya ga na keɓe ina wanke hannu, ya lallaɓo yana jan zanen gadonsa, ya tsaya kusa da ni yana kallon wani wuri.

"Na ji fa abin da kika ce a jirgi."

"Ban ce komai ba."

"Har sau biyu. Ina ƙarƙashin ruwa na ji." Ya murza yatsan da ƙaguwa ta ciza. "In na sake faɗawa, za ki kira?"

Na ce ya wuce ya ci abinci kafin ya huce. Washegari da kaina na je tasha na kama mana kujera biyu a mota, tasa a jikin taga.